Kafin a Sauke Inji, a Duba Numfashinsa

Shirinmu na yau daga Tudun Wadar Zariya yake zuwa muku, a kan wani hukunci da ake saurin yankewa a gareji. Mota ta fara shan baƙin mai, gefen inji na yoyo, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, sai a ce wa mai ita, "Alhaji, ringi ya tafi, sai dai a sauke inji." Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, hanyar numfashinsa ce ta toshe, kuma zalunci ne a sa magidanci ya kashe kuɗin abincin wata guda kafin a duba wannan hanya.

Duk sanda fetur ya kama da wuta a saman fistin, ɗan hayaƙi kan sulale ta gefen ringi ya gangara inda baƙin mai yake kwance. Ko sabon inji dal haka yake yi. A da, bututu ake sakewa ƙarƙashin mota yana zubar da hayaƙin a titi, har gurɓatar iskar birnin Los Angeles ta sa daga 1961 sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara zuwa da ƙaramin bawul mai suna PCV, wanda ke mayar da hayaƙin cikin inji ya ƙone. In bawul ɗin ko tiyonsa ya toshe, inji ya zama tukunyar da aka danne murfinta tana tafasa: hayaƙin zai ture mai ta duk gasket ɗin da ya yi rauni, har ya jiƙa matatar iska. In kuwa a buɗe ya maƙale, inji zai riƙa zuƙar mai yana ƙonawa, fulogi su yi baƙi, mota ta dinga rawa a kan silo. Yanayinmu ma yana ƙara tsananta abin. Ƙurar hunturu, da jabun mai, da jinkirta sabis, da gajeriyar zirga-zirga tsakanin Kongo da Ƙofar Doka wadda ba ta barin inji ya ɗau zafin da zai kori danshi, su ke haifar da dattin nan mai kauri da ke like tiyo.

Binciken ba ya cin minti 10. A zare bawul a girgiza shi kusa da kunne. Mai lafiya yana ƙas-ƙas, wanda datti ya kama shiru yake. A tada mota, a ɗora babban yatsa a bakin bawul ɗin, a ji ko yana zuƙa. A buɗe murfin zuba mai a ɗora takarda: in ta ɗan manne, numfashi na tafiya. Yawancin motocin Jamus na baya-bayan nan faifan roba suke da shi maimakon bawul mai ƙara. In ya yage, za a ji fito, murfin kuma ya yi wuyar ɗagawa.

Makaniki zai iya cewa, motocin Kwatano da muke hawa sun tsufa tun kafin su iso, ringinsu ya riga ya cinye. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma wanke tiyo ba ya gyara ringin da ya mutu. To amma ai akwai ma'aunin matsin silinda. A auna, a ɗiga ɗan mai ta ramin fulogi, a sake aunawa. In allura ta ɗaga sosai, ringi ne, a sauke inji da hujja. Wani kuma zai ce a cire tiyon kawai a sake shi ƙasa, yadda aka saba yi wa tsofaffin Fijo, yoyo ya tsaya. Zai tsaya na ɗan lokaci. Sai dai an buɗe wa ƙura ƙofa kai tsaye zuwa cikin mai, hayaƙin kuma yana shiga hancin direba da fasinja. A motar da kwamfuta ke auna mata iska, in aka bar mahaɗar tiyon a buɗe lissafin fetur zai rikice, fitilar gargaɗi ta kama.

Don haka in aka ce maka sai an sauke, ka tambayi maigidan garejin cikin ladabi abu biyu: an duba bawul da tiyonsa, kuma nawa ma'auni ya nuna a kowace silinda?