Allurar da ke rage garkuwar jiki: Hukuncinta a azumi da haƙƙin mara lafiya a kan iyalinsa

A garuruwanmu na arewacin Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, idan yaro ya daɗe yana fama da kumburin gaɓɓai da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, mukan ce sanyin ƙashi ne, wasu ma su ce sammu. Alhali daga cikin waɗannan akwai cututtukan da ba a cika samu ba, inda garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi mai ita, ta kumbura gaɓɓai ko idanu ko hanji. Ƙwararrun likitoci a manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, su ne ke iya tantance su.

Idan magungunan farko ba su wadatar ba, akan koma ga allura irin adalimumab, wadda aka amince da ita a Amurka a 2002 da sunan Humira. Ana yin ta a ƙarƙashin fata, galibi sau ɗaya duk mako biyu. Aikinta shi ne toshe wani sinadari mai suna TNF, wanda ke rura wutar kumburi.

Tambayar da ke tasowa idan Ramadan ya ƙarato ita ce: shin tana karya azumi? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na goma a Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani ta fata ko ta tsoka ko ta jijiya ba ta karya azumi, ban da wadda ke tsayawa a madadin abinci. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana iya yin ta bayan shan ruwa. Abin gudu shi ne a dakatar da ita wata guda ba tare da sanin likita ba, domin ciwon na iya dawowa, kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take. Wanda azumin kansa zai cutar da shi kuwa, aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ba shi rangwamen sha, ya rama daga baya.

Sai dai allurar da ta kwantar da kumburi tana kuma raunana kariyar jiki, musamman daga tarin fuka, wanda kan kwanta a jiki shekaru ba alama, ya farka idan garkuwa ta yi ƙasa. Shi ya sa ake gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B kafin a fara. Mu da muke zaune gida na jingine da gida, ɗaki ɗaya mutum da yawa, wannan ya shafe mu duka. Dubiya haƙƙin Musulmi ce a kan ɗan'uwansa, amma mai tari ko zazzaɓi ya aika gaisuwa ya fi alheri. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu a gidan, a kai shi gwaji. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Shi kansa mara lafiyar ba a yi masa rigakafi mai rayayyar ƙwayar cuta, irin na ƙyanda da shawara, sai da izinin likita, amma rigakafin sauran yaran gida kariya ce gare shi.

Akwai kuma batun ajiya. Maganin yana buƙatar sanyin firji, ma'aunin 2 zuwa 8, kuma ba a bari ya daskare. Randa ba ta isa ba, a ƙasar da zafin bazara kan haura 40. Inda babu lantarki, a shirya da ma'aikatan lafiya na kusa tun kafin a sayo shi, domin yana da tsada ƙwarai, kuma zafi na iya lalata shi ba tare da ido ya gane ba.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.