Daga kaset zuwa memori: yadda dattawan Nima da New Town ke haɗa wa juna waƙoƙin samartaka

Layin Tip Toe da ke gefen shataletalen Kwame Nkrumah a Accra, wato Ankara a bakin mutanen Zango, kasuwar waya ce a yau. Sunan kuwa na wani gidan rawa ne da ya yi tashe a wurin shekaru hamsin da suka wuce. Wasu daga cikin samarin da suka cashe a can suna nan da ransu. Sun yi furfura, sun je Makka sun dawo, sun aurar da 'ya'ya har da jikoki. Har yanzu sukan biyo ta layin, sai dai abin da ke kawo su yanzu ɗan ƙaramin katin memori ne da bai kai farcen yatsa ba, wanda za a zuba wa waƙoƙi a aika wa wani tsohon aboki a Hamburg ko Bronx, ko ma a nan Maamobi, bayan lungu biyu.

Sana'a ce da ba ta da suna ko ƙungiya, kuma galibi ba a biyan ko sisi. A kowane tsohon zaure na abokai, irin wanda 'yan Nima ke kira bes, inda ake dafa ataya ana musun ƙwallo, akwai mutum ɗaya da aka sani da ajiyar waƙoƙi. Shi ne ya sayi rikoda mai baki biyu tun ana yayinta, shi ne yake da akwatin kaset a ƙarƙashin gado. Da CD ya zo ya koma kansa, yanzu kuma jikansa ne ke riƙe masa kwamfuta yana faɗin abin da za a saka da inda za a saka shi.

Wanda bai san tarihin unguwar ba zai yi mamakin abin da ke cikin waɗannan memori. Me ya haɗa dattijon Zango da jitar Carlos Santana? Amsar tana komawa ga ranar 6 ga Maris, 1971, ranar da Ghana ta cika shekara 14 da samun 'yancin kai. A ranar aka yi bikin Soul to Soul a dandalin Black Star, aka kwana ana kiɗa. Wilson Pickett ya zo, Ike da Tina Turner sun zo, haka Roberta Flack da Staple Singers, sai kuma Santana da ganguna irin na Latin da kunnen ɗan Afirka ta Yamma ya gane nan take. An yi fim ɗin bikin, kuma waɗanda ba su samu shiga ba sun ji labari har ya zama kamar sun je. Daga Nima zuwa dandalin ba wata tafiya ba ce.

A daidai lokacin kuma Osibisa na tashe a Landan. 'Yan Ghana uku, Teddy Osei da ƙanensa Mac Tontoh da Sol Amarfio, su suka kafa ta a 1969 tare da wasu makaɗa daga Najeriya da tsibiran Karebiyan. Faifansu na farko da na biyu, Woyaya, duk a 1971 suka fito, da zanen giwaye masu fukafukai a bango. Ga saurayin New Town na wancan zamani, wannan shi ne hujjar cewa kiɗan rok ba na Bature ba ne shi kaɗai. A cikin Accra ma akwai irin su Psychedelic Aliens da ke kaɗa jita mai kururuwa. Bayan shekara goma, a 1981, Mick Fleetwood, mai gangar Fleetwood Mac, ya taso takanas zuwa Accra ya naɗi faifansa The Visitor da makaɗan Ghana. Abin sha'awa, Black Magic Woman da mutane da yawa ke ɗauka ta Santana ce, asalinta ta Fleetwood Mac ce, Peter Green ya rubuta ta a 1968. Wannan musu kaɗai ya isa ya cinye butar ataya guda.

To amma kaset ɗin ɗan Zango bai taɓa zama rok zalla ba, kuma a nan ne darajarsa take. Bayan Santana sai ka ji Jimmy Cliff, bayansa waƙar fim ɗin Indiya da aka gani a silimar Dunia ta Nima, sai James Brown, sai kuma kwatsam kalangun Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, waɗanda fatake da direbobi suka riƙa kawo kaset ɗinsu daga Kano. Haka kunnen unguwar yake: Bahaushe da Bazabarme da ɗan Kotokoli da Dagomba da Bayarbe a gida ɗaya, rediyo ɗaya. New Town ɗin kanta ai Lagos Town ake ce mata a da. Kamfanonin Turai da Amurka sun yi ƙoƙari wajen tono tsofaffin waƙoƙin Ghana. Soundway ta Ingila ta fitar da Ghana Soundz a 2002, an kuma sake buga waƙoƙin Psychedelic Aliens a 2010. Madalla da su. Sai dai su waƙa suke adanawa. Ba wanda zai sa Shata bayan Santana a faifai ɗaya ya kai kasuwa, kuma babu manhajar sauraron waƙa da za ta yi maka wannan jeri da kanta. Wanda ya zauna a lungun ne kawai ya san haka aka ji su.

Dalilin da ya sa kaset ya kama wannan tsara da ƙarfi yana da alaƙa da siyasa. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba, 1981, an kafa dokar hana fitar dare da ta haura shekara biyu. Gidajen rawa suka mutu, makaɗa suka watse zuwa Legas da Landan da Jamus, inda irin su George Darko suka fito da salon da ake kira boga hailaif. Kiɗa ya koma cikin ɗaki. Tun kafin nan abokai sun fara rabuwa: dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta kwashe iyalai da yawa daga zangunan Accra, aka ba su mako biyu kacal. A 1983 Najeriya ta kori baƙi ita ma, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida cikin shekarar fari da yunwa. Wanda ya samu hanya ya haura Turai. Kaset ya zama wasiƙa: gefe ɗaya murya, gaisuwa da labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu, ɗaya gefen kuma waƙoƙi.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Kaset ɗin C90, na TDK ko Maxell ko Sony, minti 45 ne kowane gefe, wato waƙa goma ko sha ɗaya. Dole mutum ya zauna da biro da takarda ya yi lissafi, kada zare ya ƙare a tsakiyar waƙa, abin kunya ne babba. Dole ya zaɓi ta buɗewa da ta rufewa. Idan na Alhaji wane ne, an san wacce za ta fara, domin da ita ake tsokanarsa tun yana neman uwargidansa. Wannan ƙuncin wuri shi ya sa kyautar ta zama kyauta. Memori mai giga takwas yana ɗaukar waƙa fiye da dubu, kuma masu shagon waya za su cika maka shi cikin minti kaɗan. A ganina wannan lodi ne kawai, irin na buhun gawayi. Dattawan da suka san abin, har yanzu waƙa ashirin suke tsayawa a kai, su sa lamba a gaban sunan kowace don kada waya ta hargitsa jerin.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Da yawa daga masu karɓar wannan kyauta yanzu su ne a sahun gaba a masallaci, wasu ma masu unguwa ne. Malamai sun yi saɓani kan kiɗa, kuma kowa ya san matsayin da ya ɗauka. Akwai wanda zai ce maka ya tuba da wannan, a bar shi. Mai hankali ba ya matsa masa, sai ya aika masa da gaisuwa kawai. Akwai wanda zai karɓa ya sa a aljihun jallabiya, ya saurara a mota shi kaɗai a kan titin Kanda. Jikoki kuwa, waɗanda su VIP ma tsofaffin yayi ne a wurinsu, dariya suke idan suka ji cewa kakansu ya taɓa sa wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu.

Lokaci dai ba ya jira. Mac Tontoh ya rasu a 2010, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei kuma a Janairun 2025 a Landan. Masu sauraronsu na farko a Nima da Maamobi duk sun haura shekara 65. Shi ma zaren kaset yana da ajali: zafi da danshin Accra suna sa shi fumfuna, ya manne, ya tsinke. Ambaliya irin ta 3 ga Yuni, 2015 ba ta tambayar abin da ke ƙarƙashin gado. Akwai wuraren adana kiɗa na gaske, kamar taskar J. H. Kwabena Nketia a Jami'ar Ghana da ke Legon da kuma ta Bokoor da Farfesa John Collins ya kafa, amma kaset ɗin da wani ya haɗa wa abokinsa a 1984 ba ya isa can. Idan mai shi ya rasu, ana raba tufafi da agogo, akwatin kaset kuwa sai bola.

Mayar da shi kwamfuta ba wuya: rikoda mai aiki, a goge kanta da auduga da sifirit, waya ɗaya zuwa kwamfuta, sai haƙurin minti 90, domin ba a gaggauta zare. A ɗauki hoton bangon da rubutun biron da ke jiki kafin komai. Yaran da ke taya aikin sukan so su share shuuu ɗin da ke bayan sauti, su yanke inda mai gabatarwa na gidan rediyon GBC ya yi magana a kan farkon waƙa, ko inda aka ji wata mata tana kiran yaro ya kawo ruwa. Dattawa ba sa yarda a taɓa wurin. Sau da yawa matar ta rasu tuni, kuma ba a da muryarta a ko'ina sai a nan.