Me Kirista yake nema a cikin Littafi Mai Tsarki?

Kiristoci ƴan tsiraru ne a Damargu, kamar yadda suke a Nijar baki ɗaya, inda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa mutum zai iya shekara da shekaru yana cin kasuwar Tanut ko ta Belbeji tare da maƙwabci Kirista, bai san abin da yake yi da littafinsa ba.

Ga Kirista, Littafi Mai Tsarki Maganar Allah ce, kuma amfaninsa yana cikin fahimta da aiki da shi. Tarin littattafai ne: 39 a Tsohon Alkawari, inda Attaura da Zabura da annabawa suke, sai 27 a Sabon Alkawari, wanda ya fara da Bishara huɗu. Ƴan Katolika suna lissafa 73. A wasiƙarsa ta biyu ga Timoti, Manzo Bulus ya nuna cewa aikin Nassi shi ne ya koyar da mai bi, ya tsauta masa, ya gyara shi. Ƙashin bayan littafin kuwa labarin Yesu Almasihu ne, wanda Kirista ya gaskata cewa ta wurinsa ake samun ceto.

Tunda fahimta ake nema, dole a fassara. A nan ƙasar Damagaram tana da abin faɗa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Damargu a Janairun 1851, ya koma Ingila a 1855 tare da wani saurayi, Dorugu, haifaffen yankin Kance wanda aka taɓa kamawa bawa. Da Dorugu ne ɗan mishan James Schön ya zauna yana gyara Hausarsa, har Bisharar Matiyu ta fito a 1857. Cikakken littafin bai fito da Hausa ba sai 1932, shekara takwas bayan da mishan ta SIM ta buɗe tasharta a Zinder. Ana yawan ambaton Turawan, a manta da ɗan ƙasar da ya ba su harshen.

Don ganin yadda Kirista yake aiki da littafin, a dubi misalin mai shuka da ke Luka sura 8. Iri ɗaya ne, wani ya faɗi a hanya tsuntsaye suka tsince, wani kan dutse ya bushe, wani ƙaya ta shaƙe shi, wani ya samu ƙasa mai kyau. Manomin gero da ya taɓa yin binne, ya zuba ido har ruwa ya yi jinkiri, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tambayar da mai wa'azi zai yi ranar Lahadi ita ce: kai wace irin ƙasa ce zuciyarka? Haka a gida: a karanta sura da safe, yara su haddace aya, in an yi rasuwa a buɗe Zabura. Wanda bai yi boko ba yana sauraro ta wayar salula.

Akwai masu sa littafin ƙarƙashin matashin kai don tsari, kamar laya, shekara ta zagayo ba su buɗe shi ba. A ganina sun sauka daga layi, domin ba don haka aka sha wahalar fassara shi ba.

Ɗan'uwa Kirista, ka buɗe ka karanta. Kai kuma maƙwabci, in wani abu ya shige maka duhu, tambayi mai littafin kafin ka ɗauki jita-jitar kasuwa.