"Haka Aka Turo Min" Ba Hujja Ba Ce

Jama'a, a yi hattara. Mun taso muna jin ana cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Kada wannan karin magana ya sa mu saki jiki. A ƙasar nan ƙarya ta yi 'ya'ya, an gan su a gadajen asibiti, an gan su a maƙabarta. A da, maƙaryaci sai ya taka da ƙafarsa ya zo majalisa. A ga fuskarsa, a san gidansu, a san halinsa. In ya sharara ta, wani dattijo ya gwasale shi, magana ta mutu a nan. Yau ba ya bukatar fitowa. Yana kwance a ɗaki zai naɗi murya ta minti biyu. Kafin a kira sallar asuba ta shiga wayoyin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Kuma ba shi ya kai ta can ba. Mu muka kai masa, kyauta, da kuɗin datarmu.

A tuna daren gishiri. A watan Yulin 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Tsoro ya kama ƙasa. A farkon watan Agusta sai saƙo ya ɓulla cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai shi ne kariya. Cikin dare aka riƙa buga waya. Ɗa ya tashi mahaifiyarsa, ƙanwa ta kira yayanta, maƙwabci ya buga ƙofar maƙwabci. Duk cikinsu babu mai mugun nufi. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu da dama, domin gishiri mai yawa guba ne ga mai hawan jini. Ita kuwa Ebolar, a Legas da Fatakwal ta tsaya. Mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, kuma a watan Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Cutar ba ta zo Arewa ba, amma gishirin ya zo.

Wannan na dare ɗaya ne. Akwai wanda ya ci shekaru. A 2003 aka yaɗa cewa an zuba wa allurar rigakafin shan inna maganin hana haihuwa, wasu suka ƙara da ƙwayar cutar ƙanjamau. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Kano ce ta fi daɗewa, sai a watan Yulin 2004 ta koma, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. A wannan tsakani cutar ta sami sarari. Ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Yemen da Indonesiya. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu samari ne da 'yan mata. Wasunsu muna wuce su a danja, a kan kekensu na guragu, mu miƙa musu sadaka. Ba su suka ƙirƙiri labarin ba, ba su suka yaɗa shi ba, su ne dai suke biya har ƙarshen rayuwarsu.

A nan sai an yi adalci. Mutanen Kano ba haka kawai suka yi zargi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka mutu cikin waɗanda aka yi gwajin da su. Aka yi shekaru ana shari'a, kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan yana da dalilin tsoro. To a nan haɗarin yake. Ƙaryar da ta fi kisa ita ce wadda ta jingina da wata gaskiya. An cuce mu jiya, gaskiya ne. Amma cutar jiya ba ta tabbatar da kowane zargi na yau. Kusan shekara goma bayan dakatarwar, a Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe a nahiyar da ta fita daga jerin.

Sai ƙaryar da ke zubar da jini nan take. A watan Yunin 2018 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, an kashe mutane da yawa. Wannan ya faru, babu mai musu. Amma a daidai lokacin aka cika Facebook da hotuna masu tayar da hankali, ana cewa ga abin da ake yi wa mutanenmu. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna wasu hotunan ba na Filato ba ne. Akwai wanda aka ɗauka a Kwango Brazabil tun 2012. Matasa suka gani, jini ya hau, suka tare hanya. Aka fito da mutum 11 daga motocinsu aka kashe. Matafiya ne kawai, hanya ce ta biyo da su. Wanda ya ɗora hoton ƙila bai taɓa riƙe adda ba. Wanda ya tura wa abokansa ƙila kuka yake don tausayi. Jinin dai ya zuba.

Kuma kada wani ya ɗauka cewa kullum wasu ne za su faɗa. Yau kai ne mai turawa, gobe kai ne baƙon da aka nuna da yatsa. A Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare wata mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Babu bincike, babu kotu. Aka kashe 16. Duk Arewa ta yi kuka, kuma kukan yana kan hanya. Amma mu dubi kanmu. A 2023, da aka shiga yayin ihun satar mazakuta a Abuja da wasu jihohi, mutum nawa aka lakaɗa wa duka don wani ya ce sun gaisa ya ji wani iri? 'Yan sanda sun gurfanar da wasu masu ihun bisa laifin ƙarya. Kafin nan an riga an fasa kawuna. Taron da ya yarda da ihu ba tare da tambaya ba, halinsa ɗaya ne ko a Edo yake ko a gida.

Akwai kisan da ba a ganin jininsa. A ɗauki hoton yarinya daga shafinta, a haɗa da labarin banza. Kafin iyayenta su ji, unguwa ta ji. An fasa aure saboda irin wannan. An rufe wa mai abinci sana'a don wani ya ce ya ga abin da bai gani ba. In gaskiya ta fito, a ɓoye take fitowa, babu mai ɗokin tura ta.

Yanzu kuma ga sabon tashin hankali. Mun saba cewa gani ya kori ji. To an zo zamanin da gani ma sai an bincike shi. Da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗaukar muryar mutum daga gajeren naɗi, a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ana iya motsa leɓen malami ko gwamna ko sarki a bidiyo, ya zagi wanda bai zaga ba, ya tallata maganin da bai sani ba. Ba sai ƙwararre ba, yaro mai waya zai iya. A tuna fa, tun kafin wannan fasaha ta bazu an sami ɗimbin mutane da suka yarda cewa Shugaba Buhari ya rasu, an kawo wani Jibrin daga Sudan ya maye gurbinsa. Sai da shugaban ƙasa ya tsaya a Poland a Disambar 2018 yana cewa shi ne da kansa. In an yarda da wancan babu hujjar komai, me zai faru ranar da aka kawo murya sak, fuska sak? Wata rana za a kira uwa da muryar ɗanta yana kuka, a ce yana hannu, a turo kuɗi yanzu.

Wani haɗarin ya fi wannan ɓoyuwa. Mutumin da aka yaudara sau da yawa yakan gaji, ya ce ai komai ƙarya ne. Wannan ba wayo ba ne, wani ramin ne. Ranar da aka yi gargaɗin ambaliya na gaskiya, zai ce ƙanzon kurege ne, ya kwanta a bakin kogi. Ranar da amai da gudawa ya ɓarke, zai yi dariya. Ɓarawon gwamnati kuma ya sami mafaka. A kama shi dumu-dumu a bidiyo, ya ce haɗi ne, magoya baya su tafa. Al'ummar da ba ta iya bambance gaskiya da ƙarya ba za ta iya hukunta kowa ba.

Me ya sa muke faɗawa? Ba jahilci kaɗai ba ne, don an ga masu digiri suna tura shirme a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Muna faɗawa ne don labarin ya yi mana daɗi. Ya zagi jam'iyyar da muke ƙi, ko ƙabilar da muke zargi, ko malamin da ba namu ba. Abin da zuciya ke so, ba ta tambayar asalinsa. Sannan masu ƙirƙirar sun san mu sarai. Su buɗe da sallama da salati, su rufe da "don Allah a yaɗa, kada ya tsaya a wajenka". Su ce wani babban likita ne ya faɗa, ba suna, ba asibiti. Su ce majiya mai tushe ce daga fadar gwamnati. Su ce ana ɓoye muku, ku yi sauri kafin a goge. Duk saƙon da ke ingiza ka ka yi gaggawa, ka zarge shi tun daga nan.

Sai a ce, ni ai ban ƙirƙira ba, haka aka turo min. Malam, wannan ba ta fishshe ka. Wanda ka tura wa bai san mai ƙirƙirar ba, kai ya sani. Sunanka ya gani a saman saƙon. Mutuncinka ne ya sa ya yarda. Hajiya, ƙanwarki ta ba ɗanta haɗin maganin da ke cikin saƙon ne don daga wajenki ya fito. Abin takaicin shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Aya ta shida a Suratul Hujurat ta umarci muminai su tantance labari kafin su afka wa mutane cikin rashin sani, su dawo suna nadama. Suratun Nur ta tsawatar wa waɗanda suka riƙa karɓar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha daga baki zuwa baki, suna ganin abu ne mai sauƙi. Malaman hadisi irin su Imam Bukhari sun ƙarar da rayuwarsu suna bin diddigi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun ma haɗu kuwa, yana da riƙo, an taɓa kama shi da ƙarya? Wannan ne gadonmu. Abin kunya ne a ce masu wannan gado su ne ke tura muryar da ba su san mai ita ba.

Kada kuma mu jira hukuma. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, amma an sha kuka cewa ta fi saurin kama ɗan jarida da mai sukar gwamnati fiye da mai hura wutar rikici. WhatsApp ya taƙaita yawan turawa, yana kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka tura sau da yawa. Akwai masu aikin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check. Duk suna taimakawa, amma a bayan ƙarya suke tafe. Kafin su iso, an riga an sha gishirin. Wurin da za a iya tare ta da wuri ɗaya ne, wayar da ke hannunka.

Ba ana cewa a firgita a jefar da waya ba. Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. In saƙo ya zo, ka dakata. Ka tambayi wanda ya turo: kai ka gani, ko kai ma turo maka aka yi? Ka duba ko akwai suna da wuri da rana. In abin babba ne, kunna rediyo ko ka duba jarida, ka ga ko BBC Hausa ko DW ko Freedom ko Aminiya sun kawo shi. Su ma sukan yi kuskure, amma suna da adireshi, ana iya kama su da maganarsu. In batun magani ne, tambayi ma'aikacin lafiya. In an kira ka da muryar ɗan uwa ana neman kuɗi, katse, ka kira lambarsa da kanka. In ba ka tabbatar ba, bar shi ya mutu a wayarka. In kuma ka riga ka tura, ka gano ƙarya ce, koma wurin da ka tura ka warware da bakinka. Wanda ya ga babba ya tura shirme, ya gaya masa a gefe, cikin ladabi, amma ya gaya masa.

Zaɓen 2027 na tafe. Za a fito da tsofaffin hotuna a sa musu sabon kwanan wata. Za a haɗa muryoyi, a rubuta sakamakon bogi, a ce an kashe 'yan uwanku a gari kaza. Akwai waɗanda ake biya don wannan aiki, kuma da hannunka suke lissafi. Masu kula da zaurukan WhatsApp, ku sa doka tun yanzu, ku cire duk wanda ya ƙi bi. Limamai, ku faɗe ta a huɗuba. Iyaye, ku zaunar da yara, yara kuma ku duba wa tsofaffinku abin da ke shigo musu. Kai kuma da ke karanta wannan, saƙo na gaba da zai tayar maka da hankali, kada ka tura shi sai ka san daga inda ya fito.