Zaɓen Takalmi Mai Ƙusoshi Don Tsere

Wanda ya fara ɗaukar takalmin tsere a hannunsa, abin da zai ba shi mamaki shi ne rashin nauyi. Idan ya juya shi, sai ya ga wani faranti mai tauri a ƙarƙashin yatsu, da 'yan ramuka inda ake ɗaura ƙusoshi da ɗan mabuɗi. Aikin ƙusoshin nan shi ne su kama ƙasa, don kada ƙarfin da ɗan tsere ya tunkuɗa ya tafi a banza wajen zamewa. Da takalmi mai ƙusoshi Jesse Owens na Amurka ya ci zinare huɗu a gasar Olamfik ta Balin a 1936, lokacin da filayen tsere na ɓurɓushin gawayi ne. Sai a gasar Meziko ta 1968 aka fara Olamfik a kan shimfiɗar roba da ake kira tatan, ƙusoshi kuma suka gajarce.

Kafin a tambayi kuɗi ko sunan kamfani, a fara da nisan da za a gudu. Mai tseren mita 100 zuwa 400 a kan yatsunsa yake gudu, dunduniya ba ta cika taɓa ƙasa ba. Shi ya sa takalminsa yake da tauri kamar katako, gabansa a ɗage, ƙusoshinsa da yawa, dunduniyar kuwa kusan babu soso. Gwada lanƙwasa shi da hannu, zai ƙi. Na mai mita 5,000 ko 10,000 yana lanƙwasuwa, ƙusoshinsa kaɗan ne, kuma akwai soso a dunduniya, domin mai zagaya fili sau 25 dole ƙafarsa ta sami sassauci. Na mita 800 da 1,500 yana tsakiya, kuma a ganina shi ya fi dacewa da ɗalibin da bai riga ya tsayar da tseren da zai riƙe ba.

Duk da haka, ƙafar mutum ce ke yanke hukunci. A watan Yuli na 2022, a garin Yujin na Amurka, Tobi Amusan ta Najeriya ta kafa tarihin duniya a tsallen shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12, alhali takalmin da ke ƙafarta na masu dogon zango ne, mai suna Adizero Avanti. Dalilin da ta bayar shi ne ta yi fama da ciwon tafin ƙafa a farkon shekarar, tana bukatar mai laushi. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, amma takalmin bai saɓa doka ba.

Dokar kuwa ta Hukumar Wasannin Guje-guje ta Duniya ce. Ƙusoshi ba za su wuce 11 a ƙafa ɗaya ba. A kan tatan, tsawon ƙusa ba zai wuce milimita 9 ba, sai a tsallen sama da jifan mashi da aka yarda da 12. Tun daga Nuwamban 2024, kaurin ƙasan takalmi a tseren fili ba zai wuce milimita 20 ba. Masu filaye da yawa ma sukan rage tsawon zuwa 6 ko 7 don kada a yayyaga musu shimfiɗa, saboda haka a tambaya tun kafin ranar gasa. Ƙusa mai siffar dala, mai faɗin gindi da tsinin kai, ita ce ta yau da kullum. Mai kama da allura ta fi nutsewa. Wanda filinsa na ƙasa ne ko ciyawa, kamar yawancin filayen makarantunmu, ƙusa mai ɗan tsawo ta fi masa amfani.

Wajen gwaji, takalmin ya kama ƙafa cif, dunduniya ba ta fita, yatsu kuma ba su tanƙware ba. Ana yi wa yara kuskuren sayen babba wai don su girma a ciki. Ƙafar da ke yawo cikin takalmi a kan kwana, bororo take samu ko targaɗe. Mai niyyar sa safa ya gwada da safar. Idan na gwanjo ne, a duba farantin ko ya tsage, a kuma ɗaura ƙusa a kowane rami, domin ramin da zarensa ya cinye ba ya riƙe komai.

Kada a sa sabo ranar gasa. Saboda ƙarancin dunduniya, nauyi kan koma kan sharaɓa da agara, kuma wanda bai saba ba zai kwana da tsamin ƙafa. A fara da 'yan gajerun gudu sau ɗaya ko biyu a mako, sauran atisaye a yi shi da kambas. Ba a taka siminti da shi, don tsinin kan dakushe nan da nan. Bayan an yi gudu a jiƙaƙƙen fili, a kwance ƙusoshin a goge, a shanya takalmin a inuwa, in ba haka ba tsatsa za ta liƙe su har mabuɗi ya kasa juya su.