Citroën 2CV da Renault 4: wacce ta fi jure hanyar daji?

Ƙananan motoci biyu ƙirar Faransa sun daɗe suna ɗaukar ma'aikata bisa hanyoyin Nijar: Citroën 2CV, wadda ta fito a 1948, da Renault 4, wadda ta biyo ta a 1961. Dukansu ƙafafun gaba ke jan su, amma injinsu ya sha bamban.

Injin 2CV silinda biyu gare shi, kuma iska ke sanyaya shi. Ba ya shan ruwa, balle ya tafasa ko ya yi yoyo, abin da matafiyi nesa da rijiya ba ya rainawa. Ga ta maras nauyi: in ta kafe cikin rairayi, mutum kaɗan ke tura ta. A 1973 guda 60 suka ratsa Tenere, daga Abijan zuwa Tunis. Aibinta rashin gudu.

Renault 4 kuwa silinda huɗu, ruwa ke sanyaya ta. Ta fi ƙarfi bisa kwalta, ƙofarta ta baya tana ɗagawa sama, buhun hatsi ya shige ba wahala. Masu saye ita suka fi so: an ƙera fiye da miliyan 8. An daina ƙera 2CV a 1990.