Masu karanta dusar ƙanƙara a Davos

A ƙarshen Nuwamba, dusar ƙanƙara ba ta kai gwiwa ba tukuna a tsaunukan Suwizalan, baƙo sai ya ɗauka ba abin tsoro. Masu sana'ar kuwa a lokacin hankalinsu ke tashi. Ƙasa na riƙe da ɗan ɗumi, sama na tsananin sanyi, sai tururi ya riƙa ratsa siririyar dusar yana mai da ƙwayoyinta garas-garas, ba mai kama wata. Sukari suke ce mata. In sabuwa ta zubo a kai, iska ta danne ta ta zama faifai guda, nauyin mutum ɗaya ya isa ya zaftaro gangare sukutum. Wannan ruɓaɓɓen tushe kan kai har Fabrairu bai warke ba.

Mai duba dusa yakan fita da shebur, zarto, ma'aunin zafi, ƙaramin gilashin ƙara girma, da na'urar da za a gano shi da ita in dusa ta binne shi. Ya haƙa rami har ƙasa, ya share bangonsa, ya bi shimfiɗa-shimfiɗa yana gwada tauri: dunƙulen hannu, yatsu huɗu, yatsa ɗaya, fensir, wuƙa. Sannan ya yanke ginshiƙi mai faɗin santimita 30, ya ɗora shebur a kai, ya buga sau goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. A bugu na nawa ya ɓalle, kuma a wace shimfiɗa? Abin da ya hau dutse nema ke nan, yatsu na sandarewa.

Rahoton sai cibiyar binciken dusa ta SLF da ke Davos, wadda ta fara aiki a 1936. Can ake haɗa shi da na sauran masu duba da na tashoshin awo, a fitar da sanarwar haɗarin zaftarewar dusa ƙarfe biyar na yamma, a sabunta ta takwas na safe, bisa mataki biyar da Turai ta amince da su a 1993.

Ba a sayar da sanarwar. Kuɗin gwamnati ke ɗauke da aikin. Da yawa daga masu duban ma suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Wahalar ita ce in ka cika tsoratarwa a daina jin ka, in ka sassauta a yi jana'iza, ga shi wanda dusa ta binne damarsa ta rayuwa na raguwa sosai bayan minti 15. Mataki na uku ne ya fi cin rai, domin a ranarsa mutane ba sa fasa fita.